Harira Mai Harara

Har yau in na ji ƙaurin karan dawa a wuta, abin da ke fara taso mini haushi ne. Na san mutane kan ce tuna hirar kaka sanyaya rai yake yi, ban kuma ƙi ba, nawa ran ma yakan yi sanyi daga baya. Amma kafin a kai nan sai na fara tuna gwiwar Iya ta dama, in tuna wadda take jingine da ita, sai haushin ya dawo mini sabo. Ni ɗin nan fa, da furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwali.

Sunana Harira. A Kafin Dafga ta ƙasar Ƙaraye aka haife ni, gidan manoman gyaɗa da dawa. Iya ita ce ta haifi Babanmu. Ɗakinta yana can ƙuryar gida kusa da rumbuna, kuma da an gama kaka sanyi ya shigo, nan ne majalisarmu. Ana idar da sallar isha za ta tara kara a tsakar ɗaki ta hura, ta zubo gyaɗar iri a faifai, kowane jika ya ɗebi tasa ya kama ɓara. Iya ba ta ba da tatsuniya kyauta. In ta ji ƙarar ɓawo ta ragu sai ta yi shiru a tsakiyar magana, ko da kura ta riga ta buɗe baki za ta cafke mutum, har sai hannaye sun koma aiki.

Zaman yana da doka: ƙanana a gaba, manya a baya. Ni ce jikarta mace ta fari, don haka na daɗe ina morar gwiwar dama. Daga nan nake kallon fuskarta, kuma duk wanda bai ga fuskar Iya tana tatsuniya ba, rabin labari ya samu. In ta zo kan biri sai leɓenta na ƙasa ya zazzago. In ta zo kan sarki sai ta kumbura kumatu ta lumshe ido ɗaya. Wani lokaci ma ba ta cewa uffan, fuskar kawai za ta sauya, ɗaki ya kwashe da dariya.

Sai aka kawo Saude.

'Yar Goggo Hanne ce, ƙanwar Babanmu da ke aure a Jajaye ta ƙasar Rogo. Yaye aka kawo ta, yadda ake kai kowane yaro wurin kaka a raba shi da nono. Ranar da ta zo tana ta tsala ihu, Iya ta dube ni ta ce, "Harira, ɗan matsa wa ƙanwarki, kwana biyu ne." Na matsa. Wallahi da zuciya ɗaya na matsa, har da miƙa mata gyaɗar da na ɓare. Aka gama yaye, yarinya ta manta da nono, ta manta da Jajaye, ta zauna daram. Da Goggo Hanne ta zo ɗaukarta, Iya ta ce a bar mata ita tana ɗebe mata kewa. Kwana biyu ke nan fa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne dokar ba ta hau kan Saude ba. Ni kullum sai wani ya yi wayo a gida, a ce in ƙara matsawa. Daga gefen wuta na koma bayan wuta, daga nan na koma jikin randa, har na dangana da bakin ƙofa, inda sanyi ke shigowa ta ƙasan asabari yana lasar bayana. Saude kuwa ta yi wayo, ta yi tsawo, har ta yi famfara, tana nan a gwiwar dama kamar an dasa ta. In na yi ƙorafi a ce, "Haba Harira, da ƙanwarki kike yi?" To da wa zan yi? Wa ke zaune a wurina?

A bakin ƙofar nan ne fuskar Iya ta ɓace mini. Ba zan iya cewa ga ranar ba, don a hankali ta tafi. Layukan goshinta ne suka fara tafiya, sannan tsagar da ke kumatunta, sannan idanun. Aka wayi gari abin da nake gani a ƙetaren wuta wani dunƙule ne mai farin mayafi, da wani ƙaramin dunƙule manne da shi. Ban ɗauka wani abu ba ne. Na zaci haka kowa yake gani daga nesa, na ɗora wa hayaƙi laifi. Sai dai na gano in na matse ido na haɗe gira, abubuwa sukan ɗan tattaru, har in tsinkayi bakinta yana motsi. Sai na mayar da shi sana'a. Kullum ina zaune a bakin ƙofa, ido a tsuke, gira a haɗe, na kafe su a inda Iya da Saude suke.

Kun dai san sunan irin wannan kallo a wurinmu.

Inna, mahaifiyata, ita ta fara kama ni, ranar da ta shigo kawo wa Iya kunu. Ta ajiye ƙwaryar ta juyo. "Ke! Wa kike harara?"

"Ni ba harara nake yi ba."

"Ga shi kina yi ina gani! Iya kike harara ko 'yar mutane?"

Ta kama kunnena ta murɗe. Iya ta ce, "Sake ta, ba laifinta ba ne. Liman ne ya kuskure wasali ɗaya ranar suna. Harara ya yi niyyar faɗa, bakinsa ya ce Harira."

Shi ke nan, ta gama da ni. Kafin gari ya waye sunan ya riga ni zuwa rijiya. Harira mai harara a makarantar allo, Harira mai harara a ta boko, har mai tallan ƙosai da ba ta san gidanmu ba. Abin haushin shi ne ban iya musu da ƙarfi ba, domin kishin yana nan, ina jin sa yana tafasa a ƙirjina duk lokacin da na ji muryar Saude daga gwiwar nan. Sai ni ma na yarda. Na ce a raina, ashe haka kishi yake yi, in ya cika ciki sai ya fito ta ido.

Akwai wani abu da ya ƙara tabbatar mini an haɗe mini kai. Iya takan je Rogo suna ko biki, ta dawo da yamma da ƙullin tsaraba. Muna wasa a ƙofar gida, sai kawai Saude ta watsar da 'yan duwatsunta ta zabura tana ihu, "Oyoyo Iya! Oyoyo Iya!" In duba hanya, in ga gonaki da wani abu yana motsi, ko saniya ce ko mutum oho. Kafin in tantance, Saude ta riga ta karɓi ƙullin ta ɗora a ka, suna tahowa suna hira. Iya ta iso ta dube ni ta ce, "Saude tun daga gindin tsamiya take hango ni. Ke kuwa sai na taka miki ƙafa sannan ki san na dawo." Maganar ta yi mini zafi, don na ji a muryarta ita ma abin ya yi mata zafi. Na zauna na yi nazari, na gano bakin zaren: Iya tana faɗa wa Saude lokacin dawowarta a ɓoye. Na tsare yarinyar a bayan rumbu na tambaye ta. Ta zaro ido ta ce, "Yaya, ai ga ta nan ana gani." Na ce lalle yarinyar nan ta raina ni.

An nema mini magani, kada ku ce ba a nema ba. Ranar da na wuce wani Baffanmu a hanya ban durƙusa na gaishe shi ba, ya zo ya faɗa wa Babanmu cewa na kalle shi sama da ƙasa na wuce, sai aka karɓo mini rubutu wurin malam na sanyin zuciya. Na sha, na shafe fuska. Iya kuma ta ɗauki nata nauyin: duk Juma'a takan kira ni ta sa mini kwalli, wai ko idon ya yi sanyi. Takan kama haɓata da hannu ɗaya, ta matso har in ji ƙamshin goro a numfashinta. A nan fuskarta take dawo mini gaba ɗaya, da layukan da tsagar da komai. Takan ce, "Ji ido mai kyau, kamar ba shi ke wannan aika-aika ba." Ni kuwa ina addu'a a raina kada tsinken kwallin ya gama da wuri.

Tatsuniyar da ta fi yawan maimaitawa a shekarun nan ita ce ta yarinya da shirwa. Iya tana da nata salon buɗewa. Takan ce, "Ga ta nan tafe da sandarta." Mu ce, "Ta shigo, mun share mata wuri."

Wai wata yarinya ce Allah ya ba ta ido lafiyayye, amma ba ta gode ba. Kullum kanta a sama tana kallon shirwa, tana cewa don me shirwa za ta ga abin da ke bayan gari ita ba ta gani ba. Rannan ta tarar da shirwa ta sauka shan ruwa a rafi, ta durƙusa ta gaishe ta, ta roƙi aron idanunta na yini ɗaya. Shirwa ta ce, "Zan ba ki, 'yar nan, amma nawa na nesa ne, ba su san kusa ba." Yarinya ta ce ta ji ta gani. Suka yi musaya.

Ta koma gida ta hau katanga. Ta hango a wani gari an yi wa wata sabon zane, ta ce, "Me ya sa ba ni ba?" Ta hango a gaba da shi an zuba wa wata tuwo da tsoka a kai, ta ce, "Me ya sa ba ni ba?" Ta hango can gaba wata tsohuwa ta ɗora kan jikarta a cinya tana yi mata kitso, ta ce, "Me ya sa ba ni ba?" Uwarta ta ajiye mata tuwo a gabanta, ba ta gan shi ba, kaji suka cinye. Ubanta ya sayo mata zane ya shimfiɗa a ƙafarta, ta taka shi ta wuce. Da yunwa ta ishe ta sai ta laluba zuwa rafi tana waƙa. A nan Iya takan sirantar da murya:

"Shirwa, shirwa, dawo da nawa,
Na ga na kowa, ban ga nawa ba."

Shirwa kuwa ta yi tafiyarta, ba ta sake sauka a rafin ba. "Tun daga ranar," in ji Iya, "in yarinyar nan tana son ganin abin da ke gabanta, sai ta yi haka."

Sai ta yi shiru. Sai ɗaki ya fashe.

Kai, irin dariyar nan! Yara suna birgima a kan ɓawon gyaɗa, Saude ta fi kowa, har tana faɗawa cinyar Iya tana riƙe ciki. Ni kuwa daga bakin ƙofa ban ga komai ba sai dunƙulen nan mai farin mayafi. In matse ido iya ƙarfina, in miƙa wuya, in ce, "Yaya ta yi? Ku faɗa mini, yaya ta yi?" Sai su juyo su kalle ni, dariyar ta ninku. Iya ta gama dariyarta ta ce, "Ƙurunƙus, na kakkaɓe zanena. Kowa ya zauna da idon da Allah ya ba shi. Ba a aron ido."

Na san da ni take, ba ni da wauta har haka. Na ji "me ya sa ba ni ba" na gane muryar wace ce. Amma abin da take yi a cikin shirun nan shi ne ban sani ba, kuma rashin sanin ya fi zagin ciwo. Wani abu ne tsakaninta da Saude da sauran yara, ni kaɗai aka rufe wa ƙofa. Na taɓa lallashin Saude da alewa ta nuna mini. Ta karɓi alewar ta jefa a baki, ta ce, "Ai Yaya ke kin fi kowa iyawa," ta arce.

A makaranta ban sha wahala sosai ba, don da kokawa nake ƙwace bencin gaba. Malamai suna cewa ƙwazo ne. Ba ƙwazo ba ne, bakin ƙofar Iya nake ramawa. Sai da na tafi Kano karatun malanta na tarar da ɗakunan karatu masu faɗin gona, ga jama'a, ba wanda zai bar miki gaba don kin iya ture. Nan na koma kwafa daga littafin wata 'yar ɗakinmu, Binta, mutuniyar Kurugu. Binta tana sa tabarau. Shi ma sai da na yi kishinsa, na ce iyayi ne, yarinyar ƙauye irina da gilashi kamar wata likita.

Wata safiya ta tafi wanka ta bar shi a kan gado. Na ɗauka na maƙala don in kwaikwayi tafiyarta in ba sauran dariya. Na juya wajen taga. Can ƙetaren fili wata mata tana shanya, ta cije abin maƙale kaya a baki, tana yamutsa fuska saboda rana. Na ga haƙoranta. Na ga zufa a goshinta. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Binta ta shigo ta tarar da ni haka, ta ce lafiya? Na ce, "Binta, ashe mutane suna da fuska daga nesa?"

Ita ta kai ni asibitin ido. Aka zaunar da ni, aka nuna mini haruffa a bango, likita yana ta sauya gilasai a idona yana tambaya wanne ya fi. Ya ce idona ne ba ya kai wa nesa, abu ne da ke kama yara da yawa suna tasowa, yana ƙaruwa a hankali har yaron bai san ya rasa komai ba. Ya ce kada in ƙara sa tabarau na wani, kowane ido da awonsa. Ya ce matsewar da nake yi dabara ce ta idon, yana ƙoƙarin taimakon kansa.

Na ce, "Likita, wato ba harara ba ce?"

Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Da aka yi hutu na nufi gida da tabarau a fuska da jawabi a ciki. Tun daga Kano nake tsara shi a mota. Zan tsaya a gaban Iya, goshi a sake, ido a buɗe tar, in ce ta dube ni da kyau. Na shiga ɗakin da sallama na tsaya. Ta amsa, ta juyo, amma idanunta suka wuce ta gefena. Farar yanar ido ta rufe su duka biyu. An daɗe tana cewa tana ganin hayaƙi ko ba a hura wuta ba, mutanen gida suka ce tsufa ne, aka bar shi a tsufa.

Na durƙusa. Ta lalubi fuskata, yatsunta suka ci karo da gilashin. "Mene ne wannan kuma?"

"Idon aro ne, Iya."

"Ba a aron ido," in ji ta.

Na zayyana mata duk abin da likita ya ce, tiryan-tiryan. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "To, Allah ya sa haka ne." Kun ji fa. Allah ya sa haka ne! Irin amsar da ake ba yaro in ya ce ba shi ya sha nonon ba, ga fari a leɓensa. Ta ga harara da idonta shekara da shekaru, yanzu kuma ana so ta yarda da labari. Na fita bayan rumbu na yi kukana. Saude ta samu idon Iya lokacin da yake gani. Ni da na zo da fuskar da zan nuna, an rufe kasuwa.

Daga ranar na ɗaura aniyar sai Iya ta gan ni. Na tambaya a asibiti aka ce yanar ido ana cire ta, mutum ya koma gani, in dai ba wata cutar a bayanta. Babanmu ya ƙi. Yana tsoro, kuma da dalilinsa: wani mai yawo ƙauye-ƙauye ya taɓa soke wa maƙwabcinmu ido da sunan ture yana, mutumin ya rasa har ɗan hasken da yake gani. Na ce wannan daban, wancan daban. Na yi ta naci, na gama karatu ina naci, na kama koyarwa ina naci, na yi aure ina naci. Sai da na kawo wani tsoho daga Ƙaraye da aka yi wa aikin, ya zauna a zaure ya zura zare a allura a gaban Babanmu, sannan ya sauko. Saura Iya. Ita kuwa ta ce, "In da Saude, zan je."

Tabɗi! Ni na yi nacin, ni na yi zirga-zirgar, amma sai da Saude. Aka aika Jajaye, inda ita ma take aure a lokacin, ta zo da goyonta, ta shiga mota ta zauna a gefen Iya na dama ba tare da an ce mata ba.

Ido ɗaya aka fara yi. Likita ya yi mana bayani cewa sun cire abin da ya yi duhun, sun sa wani ɗan ƙaramin gilashi a madadinsa, can ciki. Washegari da safe aka zo buɗe bandeji. Na goge tabarauna har yana walƙiya, na ɗan ture Saude da gwiwar hannu, na tsaya dab a gaban gadon. Na saki goshi. Na yi gum da bakina, don ba na so ta gane ni da murya. Da ido nake so.

Aka cire. Iya ta ƙifta, ta ƙifta, hawaye yana zuba. Idon ya yi yawo a ɗakin ya zo ya tsaya a kaina. Ta kalle ni sosai. Sannan ta ce, cikin ladabi, "Sannu da aiki, malama. Allah ya saka da alheri. Ina yaran da suka kawo ni?"

Kafin in buɗe baki ta juya gefe. "Saude! Ke ce kika yi wannan ƙiba? Miƙo yaron in gan shi!"

Na tsaya kamar an dasa ni. Suna ta murna, Saude tana kuka tana dariya, ni kuwa haushin nan na bakin ƙofa ya dawo mini, bai rage komai ba. Hawaye ya cika gilashin har ba na gani. Na cire shi zan goge. Ɗakin ya narke, gadon ya koma dunƙule mai farin mayafi da wani dunƙule manne da shi, idona kuwa ya yi abin da ya saba ba tare da ya nemi izinina ba.

"La ilaha illallahu!" in ji Iya. "Harira! Ke ce a nan tun ɗazu?"

Ta fara dariya, ma'aikaciyar jinya ta ce ta yi a hankali saboda aikin. Ta yafito ni. "Mayar da abin." Na mayar. Ta kalla. "Cire." Na cire. "Mayar." Na mayar. Dariyar ta ɗauke. Ta daɗe tana kallona da idon nan ɗaya, ja wur, yana ruwa. Sannan ta ce, a hankali, "Wato duk shekarun nan nemana kike yi."

Na gyaɗa kai.

"Ni kuma na ce harara," in ji ta.

Da sanyin shekarar ya shigo muka haɗu a gida, ni da Saude da yaranmu. Iya ta sa aka hura kara, aka zubo gyaɗa. Ƙafata da kanta ta kai ni bakin ƙofa na zauna. Saude kuwa sai kun tambaya? Tana gwiwar dama. Yara suka ce a yi ta shirwa. Iya ta so ta zille, suka nace, ta fara. Ta bi ta yadda na san ta, da rafin, da katangar, da waƙar. Ta zo wurin. "Sai ta yi haka."

Na gani. Daga bakin ƙofa, ta cikin hayaƙi, na gani tar. Ta tsuke ido, ta haɗe gira, ta miƙa wuya gaba, baki a ɗan buɗe. Ni ce. Har yadda nake karkatar da kai hagu ba ta bari ba. Ta iya ni fiye da yadda na iya kaina, wanda ke nufin duk lokacin da nake can ina laluben fuskarta, ita tana nan tana haddace tawa.

Yara suka kwashe da dariya. Iya ta saki fuskar tun ba ta kai ƙarshe ba. Ta ce, "Ku tsaya, ban gama ba. Da nakan ce ba a aron ido. To ni ɗin nan da na aro nake ganinku yanzu. In kun ga yaro yana yin haka, ku tambaye shi me yake nema kafin ku kama kunnensa." Sannan ta ɗago kai ta ƙetaren wuta. "Harira, taso nan."

"Daga nan ma ina ganinki, Iya."

"Na sani. Taso." Ta taɓa kafaɗar Saude. "Ɗan matsa wa yayarki, kwana biyu ne."

Saude ta matsa. Ba da yawa ba, amma ta matsa.

Yanzu ina koyarwa a Ƙaraye. Na daɗe ina juya tatsuniyar nan a raina. Iya ta shirya ta ne don ta yi mini maganin kishi, kuma ba ta yi ƙarya ba, ina da shi. Sai dai ta ga abu biyu a fuska ɗaya ta kira su da suna ɗaya, gida duka ya bi ta, har ni mai fuskar. Kishin halina ne, wannan sai addu'a. Ɗayan kuwa awo kawai yake so da gilashi, abin da za a gama a yini guda. Shi ya sa duk yaron da na ga yana tsuke mini ido daga bayan aji, ba na cewa ya raina ni. Nakan dawo da shi gaba, in tashi da kaina in je gidansu in ce a kai shi a duba. Wasu iyayen su ji, wasu su ce, "Malama, ai haka yake tun yana ƙarami, baƙin rai ne." Sai in cire tabarauna in kalle su.

Saude takan ce, "Haba Yaya, har yanzu? Ai kin samu wurinki." Ita ke nan da sauƙin baki. Damina ba ta faɗi ba Allah ya karɓi Iya. Kwana biyun Saude ya kai ta tun daga yaye har ɗakin miji. Nawa kuwa sanyi ɗaya ne.